Ku Tambaya Mu Amsa: Mu Shida Ne, Za Mu Dajin Gashaka da Mota

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba mai fili. Mu shida ne, tare muka yi makarantar kwana, yanzu kowa da iyalinsa da wajen neman abincinsa. Mun yi shawarar mu yi karo-karo mu tafi dajin Gashaka a Jihar Taraba, mu kwana uku a ɗakunan baƙin da aka ce akwai can ciki, inda babu hayaniya babu ƙarar waya. Mota biyu gare mu: jif ɗina da na saya bara, da wata tsohuwar Hilux ta ɗayanmu, wadda ni dai ban yarda da ita ba. Muna so mu tashi a watan Agusta don lokacin ne duk muke da hutu. Na taɓa karantawa a nan cewa ka je can. Shin jif ɗin kaɗai za ta ishe mu, mu bar tsohuwar a gida? Kuma me za mu riƙe? Ɗanka, daga Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya bar zumunci. Abu biyu ka kawo da nake so ka janye tun kafin mu yi nisa: watan Agusta, da barin tsohuwar mota a gida.

Agusta tsakiyar damina ce a can, kuma daminar Gashaka ba irin ta Kano ba ce. Tana faɗuwa da wuri, tana daɗewa ba ta ɗauke ba, ga ƙasar duwatsu ce, duk ruwan da ya sauka a kan tudu kwari yake nufa. Rafin da ka haye da safe bai kai maka gwiwa ba, kana iya dawowa da la'asar ka tarar yana tafiya da itatuwa, alhali ko ɗigo bai sauka a inda kake ba. Ku ɗage tafiyar zuwa tsakanin Disamba da Maris. In hutun ya ƙi haɗuwa, ku jira wata shekarar. Dajin na nan.

Batun mota kuwa, bari in ba ka labarin kaina, don irin girman kan da na ji a wasiƙarka ni ma da shi na tafi.

Mu biyar muka tashi daga Bauchi a wani watan Janairu. Ni da jif ɗina mai sheƙi, mai sanyi a ciki, sai wani amininmu ɗan kasuwar hatsi da tsohuwar a-kori-kurarsa wadda ƙofarta ɗaya sai an ɗaga ta sama kafin ta rufu. Ya zo da ɗan wansa bakanike, yaro ne da bai fi shekara 25 ba, ba ya yawan magana. A raina na ce ga kaya an ƙaro mana. Muka bi ta Gombe, Kaltungo, Numan, muka kwana Jalingo. Washegari bayan asuba muka ɗauki hanyar Garba Chede da Bali har Serti. Kai da za ka taso daga Kano, ka sa kwana biyu cur a lissafin zuwa, biyu a na dawowa, kuma kada magariba ta same ku a hanya ko sau ɗaya.

A Serti ofishin gandun yake. Nan za ku yi rajista, ku biya kuɗin shiga, a haɗa ku da ma'aikacin daji da zai raka ku. Kafin ma ku bar gida ku tuntuɓe su, ku ji halin da ɗakunan kwanan suke ciki, da halin hanya, da na tsaro, don waɗannan abubuwa uku suna canzawa daga shekara zuwa shekara, kuma su ne suke da labarin jiya da yau. Abin da suka ce kada a yi, kada ku yi. Bindiga da tarko da duk wani tunanin farauta ku bar su a Kano.

Daga inda kwalta ta ƙare ne aka fara sanin waye waye. Hanyar jar ƙasa ce, wani wajen duwatsu, wani wajen ramin da damina ta bari. Muka zo bakin wani rafi mai faɗi, ruwansa garai-garai har kana hango tsakuwa. Ma'aikacin da ke zaune gefena ya ce, “Alhaji, a dakata in taka tukuna.” Na ji shi sarai. Amma na duba madubi na ga a-kori-kura a bayana, na ce bari in nuna musu bambancin kuɗi. Na taka totur na afka. Ruwa ya taso ya rufe gilashi, muka kai tsakiya, motar ta yi tari biyu ta mutu.

Hannuna ya kai kan makulli ke nan, na ji wata tsawa daga bakin gaɓa: “Baba, kar ka tayar! Don Allah kar ka tayar!” Yaron nan ne da ba ya magana, ya shigo ruwa da takalmansa yana ɗaga hannu. Daga baya ya yi mini bayani. Inji iska yake shaƙa ya matse ta, ruwa kuwa ba ya matsuwa. In ruwa ya shiga ta mashaƙar iska ka sake murɗa makulli, ƙarfen da ke tura fistin ne zai lanƙwashe, shi ke nan injin ya yi nokin, sai dai a nemo motar da za ta ɗauko gawa. Tsohuwar da na raina ita ta lallaɓa ta haye a hankali kamar saniya, aka ɗaura igiya ta jawo ni waje, ruwa na zuba ta ƙofofi. Yaron ya kwance fulogai duka, ya ce in murɗa, ruwa ya riƙa feshi daga ramukan kamar an matsa gora. Ya cire matatar iska da ta jiƙe sharkaf ya shanya a kan dutse, ya duba baƙin mai ko ya koma kalar shayi da madara. Allah ya taimaka bai koma ba. Awa uku muka yi a wajen. Ba wanda ya yi mini dariya a lokacin, sun adana ta ne sai bayan mun dawo gida, kuma har yau ba ta ƙare ba.

Don haka mota biyu, ɗana, ko da ɗayar ta tsufa. Mota ɗaya a daji in ta tsaya kun tsaya. Ga shi ku shida ne, da jarkokin mai da ruwa da abinci, ina za ku zuba su a jif ɗaya? Abin da za ka duba a mota shi ne tsayin cikinta daga ƙasa, da ƙarfin tayoyinta, da ko tana ja da ƙafa huɗu kuma tana da giyar ƙarfi, wadda direbobi ke kira ogzilari. Yawancin jif ɗin gayu da ke yawo a gari surar jif kawai gare su, cikinsu a ƙasa yake, tayoyinsu sirara ne, na kwalta. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin taka. In ka ga salansa da kaskon baƙin mai suna reto kusa da ƙasa, to ka ajiye ta a Serti ku nemi wata. Tsohuwar Hilux kuma a kai ta gareji mako biyu kafin tafiya, ba ana gobe za a tashi ba: birki, kuloci, lagireto, fanbel, batir, sifirin. Wani alherin tsohuwar mota shi ne duk bakaniken ƙauye ya san cikinta. Sabuwa mai kwamfuta in ta yi fushi sai an nemo mai na'ura daga birni.

Ogzilari ba a yawo da ita a kan kwalta, tana wahalar da giya da taya. Sai an sauka ƙasa ake sa ta, kuma tun kafin a shiga wajen wuya, ba bayan an kafe ba. In kun zo yashi, ku rage iskar taya, daga awo 32 ko 35 da aka saba zuwa wajen 20, tayar ta baje ta daina nutsewa, amma fa sai kuna da famfon da za ku mayar da iskar. In kun zo ruwa, mutum ya shiga da sanda ya taka daga wannan gaɓa zuwa waccan, a ga zurfi, a ji ko ƙasan yashi ne ko dutse. In ruwan ya wuce gwiwa ko yana fizgar ƙafa, a haƙura. Kuma a tambayi ma'aikaci kafin kowa ya tsoma ƙafa, don akwai wuraren da dorina da kada suke. A shiga da giya ta ɗaya ko ta biyu, tafiya ɗaya ba tsayawa ba gudu, mota ɗaya bayan ɗaya. Bayan an fita a riƙa ɗan taka birki ana tafiya har ya bushe. Wajen jan mota kuma kowa ya ja baya nesa, igiyar da ta tsinke tana iya kashe mutum.

Kayan da za ku riƙe ba su da wani sirri: safaya biyu ga kowace mota in da hali, jak da guntun katako mai kauri da za a ɗora shi a kai, shebur, adda, igiyar ja mai ƙarfi, kayan faci, baƙin mai, man birki, fanbel, fiyus, tocila. Mai ku cika a Jalingo, ku ƙara a Serti, ku riƙe jarka, don mota a giyar ƙarfi shan mai take kamar ba gobe. Mu ka'idarmu ita ce kashi ɗaya na shiga, kashi ɗaya na fita, kashi ɗaya ba a taɓa shi. Sai bakanike. Ku biya shi, ku ciyar da shi, ku ba shi kujerar gaba.

Mun isa ƙauyen Gashaka rana ta yi ja. Ɗakunan da muka sauka ba otal ba ne, kuma ba wanda ya ce mana otal ne: gado, katifa, ƙofa mai sakata. Mun je da gidan sauro da barguna da risho da tukwane, muka dafa shinkafa da wake da mai da yaji, wadda ban taɓa cin mai daɗinta ba, wataƙila don yunwa. Bayan isha muka baje tabarma a waje, ɗan kasuwar hatsi ya ɗora butar shayi. Ban san yaushe rabona da ganin taurari haka ba, har ka rasa inda za ka sa yatsa a sama. Ba ƙarar janareto, ba babur, sai rafi yana ta surutunsa a ƙasa da kukan wasu tsuntsaye da ban san sunansu ba. Ɗayanmu da ya kwana biyu yana ɗaga waya sama yana neman sabis, a daren nan ya jefa ta cikin jaka. Hirar da muka yi, ta mutanen da suka rasu cikinmu da bashin da ke kan kowa da 'ya'yan da suka ƙi jin magana, shekara ashirin muna haɗuwa a ɗaurin aure ba mu taɓa yin irinta ba.

Can cikin dare sanyi ya sauko, irin mai shiga ƙashi. Wani cikinmu ya ɗauki kaskon gawayi zai shiga da shi ɗaki ya rufe ƙofa, ma'aikacin nan ya tare shi. Ka riƙe wannan da kyau: garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Haka hayaƙin janareto. Bargo biyu da hular sanyi sun wadatar.

Da safe gwaggon biri ya yi mana sallama. Mun bar ƙofar a-kori-kura a buɗe, wannan dai da ba ta rufuwa sai an ɗaga, ya shiga ya ɗauki burodi guda cikin ledarsa, ya hau dutse ya zauna yana ci yana kallonmu kamar shi ya saya. Abinci a kulle shi. Tufafi kuma ku guji baƙi da shuɗi mai duhu, su ne ƙudan tsando ke bi, cizonsa kuwa kamar an soka maka allura. Ku sa masu hasken launi, dogon hannu, da takalmi rufaffe, ku kakkaɓe shi kowace safiya kafin ku zura ƙafa.

Kada ku je da tsammanin za ku ga namun daji jere a bakin hanya. Wannan shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, wani ɓangare a Taraba wani a Adamawa, an kafa shi a 1991 da aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti. Dabbar da ke da wannan fili ba ta da dalilin zuwa gaishe ka. Mun ga sawun ɓauna, mun ga mazo ya gilma, mun ga dorina ta fito da hanci a wani gurbi na kogin Kam. Rana ta biyu muka ajiye motoci muka taka da ƙafa wajen kurmin da ke ɓangaren Kwano, inda masu bincike suka daɗe suna nazarin birai. Muna cikin tafiya muka ji wani sauti daga nesa, dum-dum-dum, sai ihu ya biyo baya. Na ce ko biki ake a wani ƙauye. Ma'aikacin ya yi murmushi ya ce, “Biri mai ganga ne.” Haka mutanen wajen ke kiran babban birin nan mai kama da mutum, saboda yana dukan saiwar manyan itatuwa da hannu da ƙafa. Ba mu gan shi ba. Amma tsigar jikina ta tashi, kuma ko yanzu in na rufe ido ina jin wannan ganga.

In kuna da sauran ƙarfi a gwiwa ku hau tudun da ke da kufan sansanin Jamusawa kusa da ƙauyen. Yankin nan a da ƙarƙashin Kamaru ta Jamus yake, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sai a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama ya shigo Najeriya da sunan Lardin Sardauna. Chappal Waddi kuwa, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, yana kan iyakar Kamaru, mota ba ta zuwa, tafiyar ƙafa ce ta kwanaki. Wannan ba na masu tumbi irina ba ne.

Ku je ku gaida mai gari kafin ku sauke kaya, da ɗan goro ko sukari da ganyen shayi. Da Hausa za ku yi komai, amma wanda ya iya gaisuwar Fulatanci a cikinku ku tura shi gaba.

Saura magana ɗaya da ba ka tambaya ba, kuma ita ce ta kusa raba mu. Da muka dawo, gyaran jif ɗina ya ci kuɗi, wani ya ce a raba, wani ya ce ai gangancina ne. Gaskiyarsa, amma ta yi mini ciwo. Ku zauna tun a Kano ku naɗa ma'aji, ku yanke: in mota ta lalace a hanya, wa zai biya? In ɗaya ya ce a juya biyar suka ce a ci gaba, maganar wa za a bi? Mu yanzu mun ce ta ma'aikacin daji da ta bakanike, ko da mai motar ya haɗa rai.

TAMBAYA: Baba, maigidana ne yake shirin irin wannan tafiya da abokansa, ya ce kwana huɗu ba za a same shi a waya ba. Ni hankalina bai kwanta ba, ga shi yana da hawan jini. In hana shi ne? 'Yarka, daga Zariya.

AMSA: 'Yata, hanawa ba lallai ta yi aiki ba, kin fi ni sanin halinsa. Amma kina da haƙƙin ki sa sharaɗi. Ya rubuta miki a takarda, ba da baki ba: hanyar da za su bi, garin da za su kwana, lambar motocin, lambar ofishin da za su yi rajista, da ranar da zai kira ki in sun fito. Ku yi alkawari cewa in wannan rana ta wuce da yini ɗaya ba ki ji shi ba, za ki kira ofishin, kuma wani ɗan'uwansa namiji ya san da maganar. Ya ga likitansa kafin tafiya. Maganinsa ki raba gida biyu, rabi a aljihunsa rabi a jakar wani abokin, don jaka tana faɗawa ruwa, na gani da idona. Ki haɗa masa da maganin zazzaɓin cizon sauro da gishirin gudawa, ruwan rafi kuma a tafasa kafin a sha. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A kwantar da shi, a hana ƙafar motsi, a nufi asibiti. Wannan ma wani dalili ne na tafiya da mota biyu. Ki tambaye shi ko biyun ne. In ya ce ɗaya ce, to a nan ina bayanki, ki tsaya kai da fata.

TAMBAYA: Malam, mu ba mu da jif ba mu da Hilux, ƙananan motoci ne da mu, amma muna sha'awar kwanan daji. Akwai inda za mu? Daga wani malamin makaranta a Azare.

AMSA: Malam, ai kai a bakin ƙofa kake. Yankari. Daga hanyar Bauchi zuwa Gombe za ku ratse a Dindima, kwalta ce har sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke. Shiga cikin dajin kallon dabbobi kuma da motar gandun ake yi tare da ma'aikaci, taku tana ajiye a inuwa. Ga ruwan ɗumin Wikki da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, zafinsa wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ƙarshen rani ya fi, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji, nan ne ake sa ran ganin giwa. Ku kira ku kama ɗaki tun da wuri in lokacin hutu ne. Birai na can ma sun iya buɗe jaka, sun fi na Gashaka wayewa, don haka gilashin mota a rufe.